Tambaya da Amsa: "Mun gano yadda waya za ta nemo saba mafi kusa, dole su ba mu fatent?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni injiniyan netwok ne, ni da wani abokina mun haɗa wata dabara ta 5G, wato idan waya ta tura tambayar DNS (tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin intanet) tana neman sabar wani af (kwamfutar da ke yi wa manhajar aiki daga nesa), sai netwok ya duba wurin da wayar take ya mayar mata da adireshin saba mafi kusa da ita, in kuma wannan sabar ta cika da aiki sai ya ba ta ta biyu. Mun bincika intanet sosai ba mu ga wanda ya yi irin namu sak ba. Muna so mu nemi fatent, wato takardar haƙƙin mallakar ƙirƙira, a Amurka da Turai, abokina ya ce tunda dai babu irinsa to dole su ba mu. Don Allah haka abin yake?
- Daga wani injiniya

AMSA: Wa alaikumus salam Injiniya. Ka gaishe da abokin naka ka ce masa ƙofa biyu ce, shi ta farko kawai ya hango, kuma ta biyun ce take cin mutane.

Ƙofar farko ita ce tambayar shin abin sabo ne. A Amurka sashe na 102 na dokar fatent ke magana a kai, a Turai kuma sashe na 54 na yarjejeniyar fatent ta Turai. Ƙa'idar nan mai sauƙin faɗa ce, jami'in da ke tantancewa sai ya kawo takarda GUDA ƊAYA da ta riga ranar da kuka shigar da buƙata, wadda ta ƙunshi duk abin da kuka lissafa a da'awarku, wato jerin abubuwan da kuke neman a ba ku haƙƙinsu, kamar mukulli ne da kwaɗo, haƙori ɗaya ya kuskure ba zai buɗe ba. In kun ce waya, DNS, wurin waya, cikar saba, kuma takardar tasa tana da uku babu na huɗu, to a nan kun tsira. Shi ya sa wucewa wannan ƙofar ba wani abin murna ba ne sosai, kowa zai iya ƙara wani ɗan abu ya ce nawa daban ne.

Ƙofa ta biyu, sashe na 103 a Amurka, na 56 a Turai, ita ce tambayar shin wani matsakaicin gwani a wannan fanni, wanda ya san duk abin da aka buga kafin ranarku, zai iya kaiwa ga abin naku ba tare da wata basira ta musamman ba? A nan an yarje wa jami'in ya haɗa takardu biyu ko uku, ya ɗauko wannan daga nan ya ɗauko wancan daga can ya ce ai duk mai hankali zai haɗa su. To bari in zama jami'in na ɗan lokaci ka ji yadda zai yi da ku.

Zai fara da DNS kansa, wanda Paul Mockapetris ya tsara tun 1983. Sai ya ce amfani da DNS a tura mutum saba mafi kusa da shi ai tsohon yayi ne, kamfanonin rarraba kayan intanet irin su Akamai da aka kafa a 1998 da shi suka tashi, kuma tun a wancan lokacin suna duba kusanci suna duba nauyin da ke kan saba. Sai ya ɗauko takardar fasahar intanet mai lamba RFC 7871 ta 2016, wadda ta bayyana yadda ake maƙala wani yanki na adireshin mai tambaya a cikin tambayar DNS don mai amsawa ya san daga wane yanki ta fito. Sai ya waiwayo wajen ETSI, hukumar tsara ma'aunin sadarwa ta Turai, da suka kafa rukunin MEC a 2014 don dai wannan magana ta kawo saba kusa da eriya. Daga nan sai ya sauke muku babbar guduma, wato takardun 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin netwok na waya, na zubin Release 17 da aka kammala a 2022, TS 23.548 da TS 23.558.

Bari in tsaya a kan 23.548 ɗin nan don in ba ku karanta ta ba gaskiya ba ku fara bincike ba tukuna. Matsalar da ta zo warwarewa ita ce a netwok na waya adireshin IP ɗinka ba ya nuna inda kake, domin ana ba ka shi ne daga wata ƙofar fita da za ta iya kasancewa ɗaruruwan kilomita daga inda kake tsaye, kuma tazara ba wasa ba ce, haske a cikin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kenan tazarar kilomita 1,000, zuwa da dawowa 2,000, ta ci milisakan 10 tun kafin wata na'ura ta taɓa saƙon. Sai suka ƙirƙiro wani sashe mai suna EASDF, wanda aikinsa taimaka wa waya ta samo saba ta kusa. Lokacin da waya take buɗe zaman data, SMF, wanda shi ne mai kula da zaman, sai ya ba ta adireshin EASDF a matsayin sabar DNS ɗinta. Waya ta yi tambaya, EASDF ya duba dokokin da SMF ya ba shi, ko dai ya maƙala wancan yankin adireshi mai nuna kusa da inda wayar take ya tura wa babban DNS, ko kuma ya miƙa tambayar ga wani DNS na yankin. Amsa ta dawo, zai iya riƙe ta tukuna ya sanar da SMF cewa ga adireshin sabar da aka samu, SMF ya buɗe wata ƙofar fita ta kusa ya sa mai karkatar da zirga-zirga a hanya, sannan a sakar wa waya amsarta. Ita kuma 23.558 wata hanya ta bi, akwai ɗan manhaja a cikin wayar mai suna EEC, ya tambayi wata sabar jagora mai suna ECS ina zan je, ECS ya nuna masa EES na yankin, wato sabar da ta san sabobin da ke wurin, shi kuma EES ya ba shi jerin sabobin da suka dace. Yanzu ka ɗora dabararku a gefen wannan ka faɗa min tsakani da Allah me ya rage.

Wataƙila ka ce ai namu yana duba cikar saba, nasu bai yi yadda muka yi ba. To a nan hukuncin KSR da Teleflex na Kotun Ƙolin Amurka a 2007 zai shigo. Rigimar a kan fedar mota ce da aka haɗa da na'urar lantarki mai gane motsi, kowanne an san shi daban, wani ya haɗa ya karɓi fatent, kotu ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, kuma sakamakon ya fito yadda kowa zai zata, yawanci wannan ba ƙirƙira ba ce. Kafin nan akwai Graham da John Deere a 1966 da ya shimfiɗa matakan, a duba me aka sani, a duba bambanci, a duba matakin gwanintar mutanen fannin, sannan a saurari wasu hujjoji na gefe kamar an daɗe ana neman mafita an rasa, ko wasu sun gwada sun kasa. Ofishin Turai salonsa daban, su takarda mafi kusa da naku suke ɗauka, su ce mene ne bambancin, wace matsala ta fasaha bambancin ya warware, sannan shin gwani da ya fuskanci matsalar ZAI bi hanyarku, ba wai kawai zai iya ba. Wannan ɗan bambancin na zai da zai iya lauyoyi suna cin abinci da shi sosai, amma dai a misalinku, raba nauyi tsakanin sabobi abu ne da kowane ɗalibin netwok ya sani, ni a ganina da'awar da ka rubuto min ba za ta kai labari ba a ko'ina cikin biyun.

Ba ina cewa ku watsar ba fa. Inda ake samun abin kamawa shi ne can cikin ƙananan wuraren da abin yake cijewa. Misali waya tana cikin mota ta bar yankin amma ta riƙe tsohuwar amsar DNS a ƙwaƙwalwarta tana ta komawa sabar da ta yi nisa, ko af ɗin ya ɓoye tambayarsa ta DNS cikin HTTPS ya tsallake EASDF gaba ɗaya netwok bai ma ga tambayar ba, ko kuma saba ta sauya ana tsakiyar wasa ko kiran bidiyo ana so a kwashe halin da ake ciki zuwa sabuwa ba tare da mutum ya ji ba. Su ma 3GPP sun taɓo waɗannan, kamfanoni kuma sun zuba buƙatu a kai ba kaɗan ba, amma in kuna da takamaiman mataki, wane saƙo, daga wa zuwa wa, ɗauke da wane bayani, a wane lokaci, kuma kuna iya nuna da awo cewa ya ba da sakamakon da ba a zata ba, to wannan shi za ku rubuta a da'awa. "A zaɓi saba mafi kusa" buri ne kawai, kuma ba a ba da fatent a kan buri.

Batun bincike kuma, Google kaɗai bai isa ba. Ku shiga rumbunan binciken fatent, Espacenet da Patentscope na WIPO, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya, da Google Patents, duk kyauta ne, ku duba rukunin H04L da H04W, inda ake jera fatent na sadarwa. Sannan ku shiga ma'ajiyar 3GPP ku karanta takardun da kamfanoni suke kaiwa taro, har da rahoton nazari TR 23.748 wanda ya tara shawarwari kala-kala, da waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka yar. Mutane suna mantawa cewa shawarar da aka ƙi a taro ita ma hujja ce a kanku muddin jama'a suna iya samunta kafin ranarku. Kuma duk binciken da za ku yi akwai makafin wuri, domin ana ɓoye buƙatar fatent wata 18 kafin a buga ta, wani zai iya riga ku da wata shida ba ku sani ba. A Turai irin wannan ɓoyayyiyar buƙata ana amfani da ita ne a ƙofar farko kawai, a Amurka kuwa har ƙofa ta biyu tana shiga.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina digiri na biyu, na gabatar da aikina kan yadda waya za ta sake nemo saba idan ta sauya yanki a wani taron ƙara wa juna sani wata huɗu da suka wuce, an kuma sa takardar a intanet. Yanzu malamina ya ce mu nemi fatent. Na makara?
- Daga wata ɗaliba

AMSA: Malama, a Turai kam sai haƙuri, takardarki da kanki ta zama hujja a kanki, ofishin Turai ba ya ɗaga ƙafa sai a yanayi biyu masu ƙunci, ko wani ya tona asirin aikin da zalunci ko an nuna shi a wani baje koli na duniya da aka amince da shi, shi ma wata 6 ne, kuma taron jami'a ba ya ciki. A Amurka kina da shekara 1 daga ranar da kika bayyana, kenan saura wata takwas, kar ki tsaya jan ƙafa tunda tun 16 ga Maris 2013 tsarinsu ya koma wanda ya riga shigarwa. In akwai wani sashe na aikin da ba ki sa a takardar ba, ki rufe bakinki a kansa daga yau har a shigar, shi yana iya samun Turai ɗin in ya wuce ƙofa ta biyu a kan abin da kika riga kika buga. Ki kuma tambayi jami'arki wa ke da haƙƙin aikin tun kafin a je ga lauya.

TAMBAYA: Yallabai wani kamfani ya aiko wa ƙaramin kamfaninmu wasiƙa wai manhajarmu ta neman saba ta taka fatent ɗinsu, ni kuma da na karanta sai na ga abin da kowa yake yi ne. Tunda gwamnati ta riga ta ba su, shikenan ba yadda za a yi?
- Daga wani mai karatu

AMSA: Akwai yadda za a yi ɗan'uwa, jami'in da ya ba su mutum ne mai ƙarancin lokaci, ba kowace takarda ya gani ba. Abu na farko kar ka karanta take da gabatarwa ka firgita, je ka ƙarshen takardar inda aka jera da'awa da lamba, su ne iyakar haƙƙinsu, in manhajarku ba ta yin ko da mataki ɗaya daga cikin da'awa mai zaman kanta to yawanci ba ku taka ta ba. Na biyu ka duba ranar fifikonsu, wato ranar da suka fara shigar da buƙatar, don duk hujjar da za ka kawo dole ta riga wannan ranar, in sun shigar a 2019 to TS 23.548 da ta fito bayan nan ba za ta taimake ka ba, sai dai tsofaffin takardun taro da na MEC da na masu rarraba kayan intanet. A Turai ana iya shigar da adawa cikin wata 9 daga ranar da aka ba da fatent, in ya wuce sai kotu. A Amurka tun 2012 akwai hanyar sake dubawa a gaban hukumar PTAB ta ofishin fatent ɗinsu, amma fatent da bugaggun takardu kawai take karɓa a matsayin hujja, kuma in sun riga sun kai ku kotu shekara 1 kuke da ita daga ranar da aka miƙa muku ƙarar. Ka kuma leƙa ma'ajiyar ETSI ka ga ko sun ayyana fatent ɗin a matsayin wanda ma'aunin 5G ba ya yiwuwa sai da shi, in sun yi hakan tare da alƙawarin FRAND to wajibi ne su ba da lasisi bisa sharuɗɗan adalci ba tare da nuna bambanci ba, sai maganar ta koma ta ciniki. Wasiƙar dai kar ku amsa ta da kanku, kar kuma ku jefa ta a durowa, ku kai wa lauyan fatent na ƙasar da aka ba da shi tare da ranar da ta iso.