Tambaya da Amsa: Muna so mu kafa lambar gaggawa a ƙaramar hukumarmu

Tambaya: Salam Malam. Ina cikin kwamitin tsaro na ƙaramar hukumarmu, ana shawarar mu samu lambar waya tamu da mutane za su riƙa kira in gobara ta tashi ko an yi hatsari ko ɓarayi sun shigo. Ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ni ban ba ku shawarar ƙirƙiro sabuwar lamba ba, mutumin da gidansa ke ci da wuta ba zai tuna lamba mai alƙaluma goma sha ɗaya ba wallahi. Akwai 112 wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ware, kyauta ce ko ba kati a waya, kuma an gina mata cibiyoyi a jihohi da dama da ke tura kira zuwa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, sibil difens da jami'an kiyaye haɗurra (su ma suna da tasu, 122).  To ku je ku haɗa kai da cibiyar jiharku.

Inda aikin yake shi ne bayan an ɗaga wayar. Wa zai ɗaga da ƙarfe biyun dare, yana jin Hausa, in da hali har Fulatanci, ya san unguwanni? Don mu nan ba lambar gida muke bayarwa ba, cewa za a yi bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi, in wanda ke kan teburin karɓar kira baƙo ne sai motar ta yi ta yawo gida na ƙonewa. Ku zauna da masu unguwanni ku rubuta kwatancen kowane lungu.

Sai oba-oba, kar ku raina ta. A 2021 da aka katse sabis a Zamfara waya ta zama hoto, amma rediyo ba ruwanta da turken kamfani, abin da take so na'urar da ke ƙara mata zango a kan dogon ƙarfe ko tudu, da sola da batir saboda kun san halin wutar nefa. Kuma dole a samu tasha ɗaya da kowa zai iya shiga. Ko a Amurka, da suka fara lambar gaggawa ta 911 tun 1968, ranar harin 11 ga Satumba 2001 'yan sandan New York da 'yan kwana-kwana sun sha wahalar jin juna saboda rediyonsu ba ɗaya ba.

Kuɗin mai da gyaran mota da albashin masu kwana a tebur kuwa ku sa su a kasafin kowace shekara, ba wai a sayi kaya a yi bikin buɗewa shikenan ba. Sannan duk wata ku yi atisaye, wani ya kira daga ƙauye mafi nisa ku duba minti nawa mota ta ɗauka kafin ta isa.