Neman lauya a kan sakacin asibiti: amsa ga wata 'yar'uwa a Amurka

Wata 'yar'uwa da ke zaune a birnin Niyok ta rubuto cewa an yi wa maigidanta tiyata makonni shida da suka wuce, wurin ɗinkin ya yi ruwa, suka koma asibiti sau biyu ana sallamarsu, sai da aka sake yi masa aiki. Har yau bai koma bakin sana'arsa ba. Tana tambaya ko za su iya ɗaukar lauya alhali takardun zamansa ba su kammala ba.

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne lokaci. A jihar Niyok, wa'adin shigar da ƙarar sakacin likita shekara biyu da rabi ne, amma idan asibitin na gwamnatin birni ne, dole a miƙa takardar sanarwar da'awa, wato sanar da hukuma niyyar neman diyya, cikin kwana 90, kuma kusan rabin waɗannan kwanaki sun riga sun tafi. Saboda haka ku fara tabbatar da wanda ya mallaki asibitin a wannan makon.

Rashin kammaluwar takardu ba ya hana mutum kai ƙara kotu a Amurka, kuma abin da kuka faɗa wa lauyanku sirri ne da doka ta kare. Ku gaya masa gaskiyar matsayin maigida tun zaman farko, domin yana iya shafar lissafin kuɗin aikin da ya rasa.

Lauyan da kuke bukata shi ne mai lasisin jihar Niyok wanda shari'ar sakacin likitoci ce aikinsa na kullum. Na san mutanenmu sun fi sakin jiki da lauyan da ya taɓa yi musu takardun zama, amma wannan fage daban ne. Ba kowace tiyata da ta ɓaci ce sakaci ba. Sai an nuna cewa likita ya kauce wa ƙa'idar aikin da takwarorinsa suka yarda da ita, kuma kaucewar ce ta jawo cutarwar. Shi ya sa dokar jihar ta ce lauya ya tuntuɓi wani likita kafin ya shigar da ƙara. Ku duba sunan lauyan a rajistar lauyoyi ta shafin intanet na kotunan jihar, sannan ku tambaye shi irin waɗannan shari'u nawa ya kai gaban alƙali, kuma wa zai riƙe fayil ɗinku. Idan Turanci zai yi muku cikas, ku nemi tafinta, kada ku ɗora wa yaro wannan nauyi.

Galibi ba a biyan lauya komai sai an samu diyya, kuma doka ta ƙayyade kason lauya: kashi 30 cikin ɗari na dala 250,000 na farko, yana raguwa har ya sauka kashi 10 a kan abin da ya haura dala miliyan 1.25. Ku tambayi wanda zai ɗauki kuɗin likitocin shaida idan ba a yi nasara ba, a rubuta amsar cikin yarjejeniya.

Kafin nan, maigida ya nemi kwafin dukkan bayanan jinyarsa a rubuce. Dokar HIPAA, wato dokar tarayyar Amurka kan bayanan lafiyar majiyyata, ta ba asibiti kwana 30 ya amsa. Kada ya sa hannu a wata takardar sulhu kafin lauya ya gani, kuma ku daina ba da labarin a Facebook da WhatsApp.