Yadda kamfanin mai ke tsara binciken rage hayaƙi

Malam, ka tambayi yadda kamfanin mai ke tsara bincike don rage hayaƙin kabon. Dubi Idemitsu na Japan. Farar wutar da yake cirewa wajen tace ɗanyen mai, ita ake haɗawa da litiyam a samu garin da zai maye gurbin ruwan batirin motar lantarki. Aikin hawa-hawa ne: ɗakin gwaji, ƙaramar masana'anta a Chiba, sannan babba. A 2023 ya haɗa hannu da Toyota, da burin fito da batirin tsakanin 2027 da 2028.

Inda gizo ke saƙa shi ne danshi. Garin na taɓa laima sai ya fitar da iska mai guba, dole a sarrafa shi a busasshen ɗaki. Sannan caji da saukewa na kumbura batirin har ya tsattsage daga ciki, abin da ya daɗe yana wahalar da masu binciken.