Idan na kai takarduna ARCEP, abokan gasa za su gani?

Malam, ka ce kana shirin sayar da intanet a Maradi, kana tsoron lissafin da za ka miƙa wa ARCEP, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a Nijar, a Yamai ya faɗa hannun manyan kamfanoni irin su Airtel da Moov.

Bayanan kashi biyu ne. Farashin da kake sayar wa jama'a, da sharuɗɗan kwangilar mai saye, da sakamakon awon ingancin layi, ba a ɓoye su, don da su mai saye yake kwatanta kamfanoni. Haka kuɗin haɗa layi da manyan kamfanoni, kai ma kana buƙatar ganinsa kafin ka zuba jari.

Abin da ya cancanci sirri shi ne nawa kake sayen kowane mega a sari, ribarka, sunayen manyan abokan cinikinka, da unguwar da za ka kafa eriya baɗi.

Ka shirya kwafi biyu. Ɗaya cikakke na hukuma, ɗaya wanda ka rufe alƙaluman da baƙin layi, ka rubuta dalili a gefen kowane. A fayil ɗin kwamfuta, ka goge lambar gaba ɗaya kafin ka mai da shi PDF. Idan fenti kawai ka shafa, ana kwafo ta daga ƙasa. Kada kuma ka buga hatimin sirri a kowane shafi, mai dubawa zai daina ɗaukarsa da muhimmanci.

Sai wani tarko: in ku biyu ne kaɗai a jihar, ko jimilla aka wallafa, ɗayan zai cire nasa ya gano naka. Ka roƙi a haɗa alƙalumanka da na ƙasa baki ɗaya.