Tambaya da Amsa: Sauka a Ƙananan Otal-otal na Kaduna Lokacin Hutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu uku za mu yi kwana huɗu a Kaduna a hutun ƙarshen shekara. An ba mu shawarar sauka a ƙananan otal ɗin nan na gayu da ake kira butik. Me ya kamata in tambaya kafin mu biya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Shawarar ba ta da laifi. Irin wannan masauki ɗakunansa kaɗan ne, kuma da yawansu gidajen zama ne aka gyara a Unguwar Rimi, Malali da Barnawa. Akwai sirri, ma'aikata za su san ki da suna, kicin kuma zai iya dama wa yara kunu idan kin nema. Sai dai ƙanƙantar nan ita ce kuma rauninsu: janareta ɗaya, rijiyar burtsatse ɗaya, kuku ɗaya. Ɗaya ya tsaya, kowa ya ji a jikinsa.

Fara da wuta. Kada ki ce "kuna da wuta?", domin babu wanda zai ce miki babu. Ki tambaya ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashe shi, kuma idan an koma kan sola, me da me yake ɗauka. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana jan wuta wajen kilowat ɗaya, hitar ruwa kuma wajen wat 1,500, shi ya sa galibi batirin sola fitila da fanka da talabijin kawai ake bar masa. Ki kuma tambaya ko layinsu na rukunin A ne, wanda tun Afrilun 2024 aka tsada kuɗinsa bisa alkawarin wutar awa 20 a rana.

A Disamba hunturu ake yi, don haka ruwan zafi ya fi miki sanyin ɗaki muhimmanci. Hita mai lita 15 wankan mutum ɗaya take yi, sannan ta nemi kusan rabin awa kafin ta sake zafi. Ku biyar ne, to a kunna ta tun kafin asuba, a yi wa yara wanka da bokiti ana sirkawa. Da kun shiga ɗaki ki buɗe shawa ki gani tun ba a kwance jaka ba. Inda tanki ke sakin ruwa ba tare da injin turawa ba, ɗakunan bene ne ruwansu ke zuwa ba ƙarfi kamar na bakin buta, saboda sun fi kusa da tsayin tankin.

Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne biki. Ƙarshen shekara lokacin aure ne, wasu kuma suna ba da hayar farfajiyarsu don kamu ko dina. Ki tambaya ko an kama wurin a kwanakinku, da kuma ko akwai mashaya a ciki. Ki nemi ɗakuna biyu masu maƙwabtaka, ki ji kuɗin ƙarin katifa, ki kuma tabbatar karin kumallon na mutum nawa ne, don galibi na mutum biyu ne a kowane ɗaki.

Tambaya: Na ga hoton wani otal a Instagram, na tura kuɗin kwana uku. Da na iso ɗakin ba shi ba ne, kuma aka ce akwai cikon haraji. Yaya zan kauce wa haka nan gaba? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Gani ya kori ji: ka sa a kira ka ta bidiyo a WhatsApp, a nuna maka ainihin ɗakin, banɗakinsa da tagarsa, a faɗi lambarsa. Kuɗin kwana ɗaya kawai za ka tura, kuma sunan da banki ya nuno ya zama na otal ɗin, ba na wani mutum ba. Sannan su rubuto maka ranar shiga da ta fita, irin ɗakin, jimillar kuɗi, da abin da za a mayar idan ka fasa.

Harajin VAT gaskiya ne, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima. A misali, ɗakin ₦50,000 da VAT da hidimar kashi 10 zai koma ₦58,750, wato ƙarin ₦26,250 a kwana uku. Laifinsu shi ne ɓoye maka wannan sai da ka iso. Idan sun karɓi kuɗin jingina saboda ɓarna, karɓi rasit, ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe. Idan sun ƙi gyara, kana iya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da waɗannan shaidu.

Tambaya: Da jirgin ƙasa zan zo daga Abuja. Za a ba ni ɗaki da safe? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: 'Yar'uwa, yawanci ƙarfe 2 na rana ake ba da ɗaki, a fita 12 na rana, kuma ƙaramin otal ba shi da rarar ɗakin da zai ba ki kafin mai ciki ya tashi. Ki sanar da su tun ana gobe za ki zo. Tashar Rigasa, inda jirgin ke saukewa, tana da rata da unguwanni irin su Unguwar Rimi, Malali da Barnawa, saboda haka ki nemi su turo mota, ku yanke kuɗi tun a waya. Idan ɗaki bai samu ba, ajiye jaka wurinsu ki karɓi shaida, ki leƙa Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, kafin azahar.