Amsar murya a kan tocilolin da za a sayo wa masu gadin unguwa

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhaji, na saurari saƙonka har sau biyu, kuma na ga hotunan kwalaye biyun da Ma'aji ya turo. Ka tambaya wacce ya kamata a sayo wa masu gadi, tocilar da aka rubuta lumen 100,000 a kwalinta, ko kuwa wadda aka rubuta lumen 1,200 alhali ta fi ta tsada. A fahimtata abin da kake son sani shi ne, idan Baba maigadi ya tsaya a ƙofar masallaci da tsakar dare ya haska bakin kwalbati, wacce ce za ta nuna masa cewa abin da ke motsi a can mutum ne ba jaki ba. Wannan kuwa kwali ba zai gaya mana ba, sai an fita da su waje.

Lumen ma'auni ne na jimlar hasken da ke fita daga bakin tocila, ko ina ya nufa. Wanda ke nuna nisan da haske zai kai kuwa kandela ne, wato ƙarfin hasken a tsakiyar inda aka auna shi. Ruwan bokiti ɗaya ne, amma wanda ya watsa shi da kwano ba zai kai inda mai fesawa da tiyo zai kai ba. Saboda haka tocila mai lumen 500 wadda kanta ke da faɗi, kwanon cikinta da ke tattara haske ya tura gaba mai zurfi da santsi, tana iya wuce mai lumen 2,000 nisa, domin ta biyun ta baza nata hasken a gaban ƙafafunka.

A shekarar 2009 aka fitar da wata ƙa'ida a Amurka mai suna ANSI FL1, wadda kamfanonin kirki ke bi wajen rubuta alƙaluma a kwali. Nisan da suke rubutawa shi ne inda hasken da ke sauka a kan abu ya ragu zuwa luks 0.25, kwatankwacin farin watan daren sha huɗu a fili. Tocila mai kandela 10,000 za a rubuta mata mita 200, mai kandela 40,000 kuma mita 400. Ku lura da wannan da kyau: kafin nisa ya ninka sau biyu, sai ƙarfi ya ninka sau huɗu. Kuma kowa a nan ya san cewa da farin wata ba ka gane fuskar mutum daga mita 200, don haka ni a nawa lissafin raba adadin kwali biyu nake yi, wani lokaci uku, in ɗauka nan ne za ta yi mini amfani.

Ita kuma wannan mai 100,000 ɗin, Alhaji, na san irinta, domin na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na shiga wani shago a kasuwa da rana tsaka, yaron shagon ya ɗauko mini irin wadda ake jan kanta gaba da baya, ya haska silin, ya ja kan har hasken ya tattaru wuri guda mai kusurwa huɗu, ya ce mini wannan har bayan gari take kaiwa. Na biya ba ko tayi. Da dare na kai ta gona, inda ɓarayin masara suka dame mu a shekarar, na tattara hasken kamar yadda ya nuna mini, sai na ga lalle akwai ɗan tabo a jikin kukar da ke ƙarshen gonar, amma duk abin da ke hagu da dama duhu ne ƙirin, har na yi tuntuɓe da kunya ina kallon kuka. Wannan kusurwa huɗun da ya burge ni ashe hoton ƙwan LED ɗin ne gilashin ya jefa, kuma idan aka ja kan gaba, haske mai yawa a cikin gangar jikin tocilar yake mutuwa bai fito ba. Batirin da ya zo da ita an rubuta masa 9,900 mAh, wato yawan cajin da wai yake ɗauka. Irin batirin nan ana kiransa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, kuma na gaskiya daga manyan kamfanoni wajen 3,500 mAh yake tsayawa. Nawa ko a hannu ka ɗaga shi za ka ji ba nauyi. Da na mayar, yaron ya ce wai ban iya caji ba ne. Ni da na yi shekaru ina harkar wayoyin lantarki, wai ban iya caji ba. Har yau tana cikin durowa, yara ke wasa da ita, kuma har yau idan na bi ta layin nan ba na kallon shagon.

To, in bar wannan in dawo kan lissafi. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kowane wat ɗaya, saboda haka lumen 100,000 yana buƙatar wat 700 zuwa 1,000, kusan abin da dutsen guga ke ci. Batirin 18650 na gaskiya da ƙyar zai ɗauki wannan nauyi na minti ɗaya ko da zai iya, kuma ba zai iya ba. Amma bari in gyara maganata, kada wani ya je ya binciko ya ce na yi ƙarya: akwai tocilar da ke ba da lumen 100,000 da gaske, Imalent MS18, sai dai ƙwai 18 gare ta da tarin batura da fanka a ciki saboda zafi, kuma kuɗinta zai sayi babur na hannu. Wadda ke hoton Ma'aji ƙwai ɗaya gare ta da batir ɗaya.

Hakan ba ya nufin na ce a sayi mai 1,200 ido rufe. Ita ma akwai abin dubawa, domin adadin da ake rubutawa ana auna shi ne jim kaɗan bayan kunnawa, daga daƙiƙa 30, kuma yawancin ƙananan tociloli suna rage haske da kansu bayan 'yan mintoci idan kai ya ɗauki zafi. Awannin da aka rubuta ma, a ƙa'idar nan, ana ƙirga su ne har sai hasken ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Maigadi kuwa daga isha zuwa asuba yake aiki, don haka abin da ya shafe shi shi ne hasken matakin tsakiya wanda za ta riƙe tsawon dare.

Ga yadda nake ganin a gwada. A roƙi mai shagon ya ba da guda ɗaya daga kowacce, a cika su da caji, a zaɓi daren duhun wata, wato daga 20 ga watan Musulunci zuwa ƙarshensa, lokacin da wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa. Filin ƙwallon makarantar firamare ya isa, tunda daga raga zuwa raga wajen mita 100 ne kuma babu fitilun gidaje kusa. A tsaya minti 20 ba tare da kowa ya duba waya ba, domin ido ya saba da duhu. Sannan a tura yaro sanye da baƙar riga, ya tsaya a mita 30, ya matsa mita 60, ya je ƙarshen fili, kowane wuri ya ɗaga wani abu a hannu, mu kuma mu faɗi mene ne, sanda ce ko adda ko buta. Kada a gwada da allon kan titi ko farin bango ko idon kare, domin waɗannan ko tocilar waya aka haska musu za su yi ƙyalli. Kuma kada wanda ya riƙe tocila ya faɗa mana wacce ce ya kunna, saboda na san akwai waɗanda zuciyarsu ta riga ta karkata ga mai arha.

Bayan an gama da nisa, a juya kan abin da mutane ke mantawa, wato hasken gefe. Mai riƙe da tocilar ya auna ta gaba ya yi tafiya, mu ga ko yana ganin ƙasa a gabansa da abin da ke gefensa, domin a lungunanmu maciji da rami da mai laɓewa a bayan katanga duk a cikin taku goma suke. Tocilar da ke kai mita 400 amma ta bar ka a duhu ta mafarauci ce da mai tsaron garke a daji. Ta lungu tana son tsakiya mai ɗan faɗi da gefe mai laushi, irin wanda kwano mai ɗan kaushi kamar ɓawon lemo ke bayarwa. Daga nan a bar su a kunne minti 10, a sake tura yaron ƙarshen fili, a ga wacce ta riƙe ƙarfinta.

Sai batun hazo, tunda hunturu na tafe. Idan ƙura ta cika iska, hasken yana bugun ta ya dawo idon mai haskawa, kamar yadda babbar fitilar mota ke yi a hanya. A abin da na gani, farin haske mai ratsin shuɗi, wanda ake rubuta wa 6,500K, ya fi damun ido a irin wannan dare fiye da mai ɗan ja-ja na wajen 4,000K, wanda kuma ya fi bambanta launin ƙasa da na riga. A gaya wa su Baba su riƙa riƙe ta ƙasa daidai ƙugu maimakon kusa da kunne, za su ga bambanci.

Wanda ya ce a ɗauki hoto a turo zaure, hoton waya ba hujja ba ne, domin waya da kanta take ƙara haske ko ta rage, sai ka ga mai rauni ta fito kamar rana. In dole ne a ɗauka, sai a kulle saitin kyamarar ya zama iri ɗaya ga duka biyun, amma gara kowa ya zo ya gani da idonsa. Na so in yi magana a kan ruwan sama da alamar IPX da ke jikin kwali, mai nuna yadda tocila ke jure ruwa, sai dai saƙon ya yi tsawo, a bar shi zuwa damina.

Ma'aji ya riƙe kuɗin tukuna. Alhaji, ka sa mana rana bayan isha, ni zan zo da igiyar awo, zan kuma karɓo tawa ta durowa daga hannun yara, a jera ta da sauran a filin.