Amsa ga Yaya kan tsofaffin Sinawa da ke zaune a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yaya, na ji muryarki tun da safe, ina bakin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Ga waɗanda ba su saurara ba, Yaya cewa ta yi ta ji ana faɗin wai duk cikin baƙin da ke Amurka babu masu riƙe iyayensu kamar Sinawa, tsohonsu ba ya zama shi kaɗai, ba a kai shi gidan tsofaffi, shi ya sa suke daɗewa da ƙarfinsu. Ta ce tunda aikina ke nan, duba tsofaffi a gidajensu a nan New York, in gaya mata gaskiya, don su ma ana shawarar ɗauko Hajiya. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

To Yaya, akwai gaskiya a ciki. Suna riƙe iyaye, wannan ba musu. Abin kunya ne a wurinsu a ce ɗa yana da hali iyayensa suna wahala. A can China ma, a 2013 wata doka da aka gyara ta fara aiki, aka ce dole 'ya'yan da ba sa zama tare da iyayensu su riƙa ziyartarsu ko su riƙa tuntuɓarsu. Amma gani ya kori ji. Ci da sha da wurin kwana suna samu. Abin da ke cin su wani abu ne daban, kuma ba a ganinsa sai an shiga gidan an zauna.

Da farko ki san tsofaffin nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu suka tsufa a nan. Kin san tun 1882 Amurka ta yi dokar hana ma'aikata Sinawa shigowa, ba a soke ta ba sai 1943, ƙofa kuma ba ta buɗe sosai ba sai da dokar shige da fice ta 1965. Waɗannan su suka ƙare ƙarfinsu a kicin ɗin gidajen abinci da masana'antun ɗinki da shagunan wanki. Gwiwa ta tafi, baya ya tafi, kuɗin fansho kaɗan ne, da yawansu Turancin ma bai zauna ba don duk rayuwarsu a cikin unguwarsu suka yi ta. Amma sun san gari. Tsohuwa za ta ja 'yar kekenta ta cefane ta sauka kasuwa da kanta, ta yi ciniki da yarenta, ta tsaya a Columbus Park, filin shaƙatawa na unguwar Sinawa a nan New York, ta yi hira.

Kashi na biyu su ne suka fi ba ni tausayi, kuma su suka yi kama da maganarki. Waɗanda aka ɗauko suna da shekara 65, 70, su zo su yi renon jikoki. China ta yi dokar haihuwar ɗa ɗaya daga 1980 har zuwa ƙarshen 2015. To ɗan nan guda ɗaya tilo ya zo karatu, ya samu aiki, ya yi aure, ya zauna. Iyayen ba su da wani. Ko su zauna can su biyu, ko su biyo shi.

Akwai wani dattijo da na riƙa zuwa dubawa, can bayan gari, unguwar masu hali. Malamin makaranta ne a garinsu kafin ya yi ritaya, mutum mai daraja, wanda ake tsayawa a gaishe shi a hanya. Gidan ɗansa babba ne, ga ciyawa, ga gareji, ɗakinsa da banɗakinsa a ciki. Ƙarfe bakwai ɗan da matarsa sun fita. Motar makaranta ta ɗauki yara. Shi ke nan. Ba ya tuƙi, bas ba ta bi ta layin, maƙwabta Turawa ne, in sun ɗaga masa hannu ya ɗaga musu, iyakarta ke nan. Duk lokacin da na je zan same shi ya ja kujera bakin taga, flas ɗin ruwan zafi a gefe, waya a cinya yana jiran gari ya waye ko ya yi dare a China ya samu wanda zai yi wa magana a WeChat, manhajar hirarsu irin WhatsApp. Da yamma jikokin su dawo, ya yi musu magana da Mandarin, babban yaren China, su amsa masa da Turanci su haye sama. Ɗan nan wallahi ba mugu ba ne, komai ya saya masa. In ya tambaye shi lafiya, sai ya ce lafiya lau, don ba ya son ya zame masa kaya.

Wannan kalma ta "kada in zama kaya" ita ce a bakin kusan kowannensu. Saboda ita tsoho zai ɓoye ciwon ƙirji, ya ɓoye faɗuwar da ya yi a banɗaki, ya ɓoye cewa maganinsa ya ƙare.

Kuma ba za ki taɓa jin ya ce miki yana cikin damuwa ba. Sai dai ya ce ba ya barci, kansa na juyawa, ƙirjinsa ya yi nauyi, abinci ba ya masa daɗi. A kai shi asibiti, a yi hoto, a ɗebi jini, a ce ba a ga komai ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Arthur Kleinman, ya je lardin Hunan a 1980 ya duba mutum 100 da aka ce musu raunin jijiya ke damunsu, ya tarar 87 daga cikinsu ciwon damuwa ne mai tsanani. Ba ƙarya suke yi ba fa, jikin da gaske yana ciwo. Kawai dai ciwon jiki ana iya faɗinsa ba a zubar da mutuncin gida ba, na zuciya kuwa ba a faɗi. Gigin tsufa ma haka, ɓoye shi ake yi har sai ranar da tsohuwa ta bar tukunya a wuta ko ta fita ta kasa gane hanyar gida.

Akwai wani babban bincike da aka fara a Chicago a 2011, ana ce masa PINE, ƙarƙashin Dakta XinQi Dong. Gida-gida suka bi, suka zauna da tsofaffin Sinawa sama da 3,000 masu shekara 60 zuwa sama, kowa da yarensa. Cikin tambayoyin akwai me kuke so daga 'ya'yanku: kulawa, girmamawa, gaisuwa, faranta rai, biyayya, ko kuɗi. Girmamawa ce ta zo a sama. Kuɗi ne na ƙarshe. Ni da na ji haka ban yi mamaki ba ko kaɗan. Ɗa yana kashe kansa da aiki yana ganin ya gama komai tunda ya biya komai, uban kuma abin da yake jira a zauna a ci abinci tare, a nemi shawararsa ko da ba za a bi ba.

Ina zuwa, bari in sha ruwa.

Yauwa. Sai batun yare, don mu nan muna ɗauka duk abu ɗaya suke ji. Ina! Tsofaffin Chinatown ta Manhattan yawanci Kantonis ne ko yaren Taishan. Na Sunset Park a Brooklyn, wajen layin 8th Avenue, da yawa mutanen Fujian ne. Flushing, ƙarshen layin jirgi mai lamba 7, Mandarin ya fi yawa. Sai a kira tafinta a waya, a ba tsohuwar Taishan mai jin Mandarin, tana ta gyaɗa kai don kunya alhali rabin maganar ya wuce ta. Doka ta ba su haƙƙin tafinta kyauta a duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, tushenta dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964. Amma sau da yawa sai ki ga jika ɗan shekara goma sha biyu aka tsayar yana fassara. Yaya, wace kaka ce za ta gaya wa jikanta namiji tana ganin jini, ko fitsari yana kufce mata? Shiru za ta yi.

In kuma ciwon babba ne, kamar ciwon daji, sai 'ya'yan su tare likita a ƙofa su ce kada a gaya wa Baba, zuciyarsa za ta karye. Nan kam kamar a gida, yadda ake ce wa mara lafiya da sauƙi alhali kowa ya san abin da likita ya faɗa. Likitocin nan kuma tsarinsu mai jiki shi ke da haƙƙin sani. Waɗanda suka iya aiki sukan tambayi tsohon tun da wuri: in sakamako ya fito, kai za a gaya wa ko ɗanka? In ya ce ɗana, shi ke nan, zaɓinsa ne. Ni a ganina wannan ya fi duka biyun, da ɓoyewa da faɗa masa gatsau.

Magani kuma. Wata tsohuwa na lura hannuwanta duk tabo shuɗi-shuɗi, dasashinta na jini in ta goge baki. Tana shan warfarin, maganin tsinka jini. Akwatin ƙwayoyinta na mako tsaf, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sai da na shiga kicin na ga 'yar tukunyar ƙasa a kan wuta, da ƙunshin busassun saiwoyi a takarda daga shagon masu maganin gargajiya. Akwai irin su danshen da dong quai da aka san suna ƙara wa warfarin ƙarfi. Ba ta gaya wa likita ba don a wurinta wannan ba magani ba ne, miya ce ta ƙarin jini. Likitan shi ma bai tambaya ba. Ban ce maganinsu banza ne ba, a'a, sai dai a kwashe duka a leda, na asibiti da na gargajiya, a ajiye a gaban likita.

Cututtuka biyu da ake yawan makara da su. Ciwon hanta nau'in B: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe tana cewa kusan mutum 1 cikin 12 na 'yan asalin Asiya a Amurka yana ɗauke da shi, da yawa tun haihuwa, ba alama sai hanta ta lalace. Wannan mu ma ya shafe mu sosai, duk wanda bai taɓa gwaji ba ya je ya yi. Sai ciwon suga, yana kama su ba tare da sun yi ƙiba ba. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka ta ce ɗan Asiya a fara gwada shi in ma'aunin nauyi da tsawonsa ya kai 23, maimakon 25 na sauran mutane.

Yanzu kuɗin asibiti, ki buɗe kunne a nan. Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ɓangaren kwanciya kyauta sai wanda shi ko matarsa ko mijinta ya yi aikin kusan shekara 10 yana biyan haraji a nan. Wanda aka kawo da tsufa ba shi da wannan. Sai ya yi shekara 5 da katin zama na dindindin sannan a bar shi ya saya da kuɗinsa, kuma da tsada. Medicaid ma, wato inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, tun dokar 1996, gwamnatin tarayya ba ta biya wa sabon mai kati sai bayan shekara 5, sai dai wasu jihohi kamar New York da California suna rufe giɓin da kuɗinsu. Ɗan da ya kawo su kuma ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi. Jarrabawar zama ɗan ƙasa da Turanci ake yi, yawanci ba a ɗauke wa mutum Turancin sai ya kai 50 da shekara 20 da kati, ko 55 da shekara 15. Wanda ya zo yana 70, ki yi lissafi da kanki. Kin ga tsohon da a garinsu yake da fanshonsa da asibitinsa, ya dawo ko man zafi sai ya roƙa.

To me ke taimaka musu? A San Francisco, a 1971, wani likitan haƙori William Gee da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a Marie-Louise Ansak suka kafa On Lok, wata cibiyar kula da tsofaffi. Gidan tsofaffi aka so a gina da farko, sai aka ga mutanen ba abin da suke so ke nan ba, a gidajensu suke son zama. Sai aka juya: mota ta ɗauko tsoho da safe, ya ga likita, a yi masa gashin ƙashi, ya ci abincin da bakinsa ya saba, ya yi wasan mahjong da sa'o'insa, da yamma a mayar da shi. Tsarin ya yi kyau har a 1997 gwamnati ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya da sunan PACE, ga masu shekara 55 zuwa sama da suka raunana. A nan ma akwai asibitin Charles B. Wang, a Chicago akwai CASL, ƙungiyar taimaka wa Sinawa, tun 1978. Flushing cike take da wuraren wuni na tsofaffi, wasu na kirki, wasu neman kuɗin Medicaid kawai suke yi, sai an bincika.

Abin da zai ba ki mamaki, da yawa daga tsofaffin nan da kansu suke sa suna a layin gidajen tsofaffi na gwamnati, su jira shekaru, su bar ƙaton gidan ɗa su koma ɗaki ɗaya a Flushing. Mutane na nesa sai su ce an yar da su. Ni kuma na ga waɗanda bayan komawar suka fara cin abinci, suka fara fita motsa jiki da asuba, 'ya'yan na zuwa ranar Lahadi ana cin abinci tare ba faɗa da suruka. Ba kowa ba fa, akwai waɗanda aka manta da su da gaske a ƙananan ɗakuna, musamman waɗanda mata ko miji ya rasu.

Saboda haka batun Hajiya, ni tambayoyina ke nan. Unguwar da yayanmu yake, akwai masallacin da za ta taka da ƙafarta? Akwai masu jin Hausa kusa, irin yadda ake da su a Bronx, ko sai an yi awa guda a mota? Wa zai wuni da ita? An tambaye ta ita kanta, ba a gaban kowa ba? In da hali ta fara zuwa ziyara, har ta ga sanyin Janairu, kafin a yi maganar zama. Ki turo min sunan jihar da yake da jerin magungunan da take sha yanzu, har da na gargajiya, in duba in sake yi miki murya. A gaida yara.